Hannun da Ya Yi Rawa

Lahadi, bayan la'asar

Matata Biba ta ce in daina zagin Seydou a bakin akushi, wai ina hana ta cin abinci. To ga takarda, ita ba ta gajiya. Da ajami nake rubutu don shi na iya, kuma ko wani ɗan lakwal mai karatun boko ya tsinci littafin nan bai san ta inda ake farawa ba.

Jiya aka yi bikin 'yar Alhaji Ousmane. Dangin amarya suka kira ni in ɗauki hoto, kamar yadda ake kirana tun Seydou yana yawo ba wando. Dangin ango kuma suka kira shi, don bara ya zo daga Yamai da aparai, na'urar ɗaukar hoto, ɗan Japan mai wuta a ka, ya buɗe shago daidai gaban nawa, kamar duk Agadas ba wani bango sai wanda ke kallona. Biki ne na shekarar fari da yunwa. Shinkafar ba ta zagaya kowa ba, labulen da aka rataya bayan makaɗa kuwa buhunan jar dawar taimako ne aka farke aka ɗinke.

Da rana ta yi sanyi Alhassan ya zauna da gitarsa. Ƙanin Biba ne, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ita kaɗai ke ce masa Alhassan, kowa Bahago yake kiransa. Ya naɗe rawani har ƙasan ido, abin da ya koyo a Tamanrasset tare da kiɗan da rashin jin magana. Ni na kifa turmi, na ɗora aparaina a kai, na bar idonsa a buɗe gwargwadon numfashi guda. Haka nake aikina. Abin da ke tsaye ya fito tsaf, abin da ke motsi ya ja haske a bayansa, mai kallo ya ji kiɗan a takarda. Seydou kuwa sai tsalle yake yana watsa wa mutane wuta a ido, walƙiya ba ruwa. Duk wanda ya ɗauka zai fito baki buɗe, hannu a sama, kamar an ɗora masa bindiga an ce kar ya motsa. Shi a ganinsa hoto ke nan.

Waƙar ƙarshe ba zan rubuta ta ba, manya ta taɓa. Mata sun fara tafi, da suka gane inda ta dosa sai tafin ya mutu. Alhaji Ousmane ya tashi ya shige gida. Na ga mutum biyu da ban sani ba sun fita kafin a gama.

Litinin, da hantsi

Wutar lantarkin Anou Araren ta zauna yau ba a ɗauke ba, na wanke pelikil ɗina, wato fim ɗin cikin aparai. Hotunan amarya lafiya lau, irin waɗanda ake biya a manta. Amma akwai guda. Na daɗe tsaye a kansa har ruwan ya ɗiga mini a ƙafa. Kan Bahago ya juya lokacin da na ɗauka, rawani da ido duk sun narke, yayarsa ma ba za ta ce ga fuskarsa ba. Hannun da ke kiɗa ya zama kamar hayaƙi a kan tsirkiya. Bayansa kuwa buhunan nan sun fito zare zare. Tun da na fara riƙe aparai ban ɗauki irinsa ba, kuma na san ba zan sake ba.

Ina shanya shi sai ga Seydou a ƙofa, ba sallamar kirki, da Doyen ɗinsa. Haka yake kirana, wai girmamawa ce da Faransanci. Na san abin da yake nufi, tsoho yake nufi. Ya kalli hoton ya daɗe, sannan ya ce ya yi rawa. Na ce masa mai kiɗan ma rawa yake, ba gawa na je ɗauka ba. Ya rage murya ya ce, "Doyen, wanga hoto kak ka nuna ma kowa."

Ka ji hassada. Yana fita na buga babba, na sa a gilashin gaban shago, inda duk ya ɗaga kai daga teburinsa sai ya gan shi.

Talata, da azahar

Mutane suna tsayawa su kalla, ba mai cewa komai. Ba su saba ganin aiki ba ne.

Laraba, bayan magariba

An kira Alhaji Ousmane can gidan. Ba sai na rubuta wane gida ba, guda ne a garin nan da ake shiga da hula a fito da ita a hannu. Ya wuni, ya fito yana tafiya kamar an ƙara masa shekara goma. Abin da suke so suna ne, wa ya yi waƙar. Ya ce musu wani baƙo ne daga Arlit, ya zo da rawani ya tafi da rawani. Mai shayi ma haka ya ce, mata ma haka. Yau duk Agadas baƙon Arlit ta gani. Garin nan ba ya haɗa baki a kan komai, ko ganin wata sai an yi musu, amma a kan wannan ya haɗa.

Shugaban masu kakin da ke can gidan sabo ne, Ajidan ake ce masa, daga yamma aka kawo shi, bai san kowa ba tukuna. Shi ya sa yake neman mai nuna masa. Da la'asar kuwa na ga Seydou ya rataya jakarsa ya nufi can. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Mutumin da ke da fuskar kowa a pelikil, kowace fuska a daskare, ana iya ƙirga haƙoranta. Dama na faɗa, wutar nan tasa ba ta masu hoto ba ce, ta masu farauta ce.

Ni nawa ba fuska. Hankalina a kwance yake.

Alhamis, da azahar

Biba ta kawo mini abinci shago, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya gaban gilashin da kwanon a kanta, ba ta sauke ba. Na zaci za ta yaba. Ta shigo ta rufe ƙofa ta ce, "Malam, wane hannu ne wanga da ke rawa?"

Na ce hannun kiɗa mana. Ta ce ba shi ta tambaya ba, dama ko hagu. Na fita na duba kamar ban taɓa ganin hoton ba. Wuyan gitar ya nufi wajen da na kowa ba ya nufa. Masu taɓa gita a garin nan ba su cika hannu ɗaya ba, kuma guda ne cikinsu ke kaɗawa da hagu, har sunansa ma shi ke nan.

Na cire shi. Ba don ta faɗa ba, dama rana tana cin takardar. Ta ce in ƙona babban, in ƙona kilishen, wato guntun pelikil ɗin da ake bugawa da shi, yanzu, tana gani. Babban na yayyaga shi a gabanta na sa a murhun shayi. Kilishen na ce sai wuta ta huce, hayaƙinsa guba ne. Ta dube ni irin duban da take wa mai awon da ya danne mudu, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Yana cikin kwalin takardar bugu, can ƙasa. Mace ba ta san abin da ake nufi da hoto guda a rayuwar mutum ba.

Juma'a, bayan masallaci

Shagon Seydou a rufe jiya, yau ya buɗe rabi. Kuncinsa na hagu a kumbure, kuma ban ga aparai a wuyansa ba, shi da ko bayi da shi yake shiga. Mai shayi ya ce wai haƙori ne. Ni na ce ciniki ne ya ɓaci tsakaninsa da iyayen gidansa. Ko kuma wasa ne suka shirya don mu ji tausayinsa mu saki baki. Ban gaishe shi ba.

Bahago ya zo cin tuwon Juma'a kamar kullum, ya zauna ya miƙe ƙafa, yana ci da hannun dama don yayarsa tana kallo. Tun yana ƙarami take dukan hannun nan na hagu a bakin kwano, ta samu ya bari a abinci, ba ta samu a komai ba. Yana ta raha, wai ya ji labarin wani baƙon Arlit mai murya kamar tasa, yana so a haɗa su. Ba wanda ya yi dariya. Na ce masa mutum mai hankali ba ya rera abin da kowa ya riga ya sani, ba wanda ya ƙaru, sai dai a rasa barci. Ya ce, "Yaya Illo, kowa ya sani, amma ba wanda ya taɓa jin shi da ƙarfi."

Wannan ita ce irin maganar da ake koyowa a Tamanrasset. Yaron yana ba ni haushi, wallahi yana ba ni haushi. Da ya tashi tafiya Biba ta raka shi har bakin titi, abin da ba ta yi wa ko ubanta ba.

Asabar, da hantsi

Tumakin Buzayen da suka sauka bayan gari sun kusa ƙarewa. Akuya yau ba ta kai kuɗin mudu biyu ba. Ba mai zuwa ɗaukar hoto sai masu neman takardar tafiya.

Asabar, bayan la'asar

Ina kasuwa wani mai kaki ya je gida. Ya ce wa Biba Ajidan ya aiko a ba shi kilishe. Ta ce masa rabon gidan nan da nama tun Layya, in kilishi yake so ya bi ta bakin tasha, bana ya yi arha tunda dabbobi sun mutu. Ya yi ta bayani, ta yi ta nuna masa hanyar tasha, har ya gaji ya tafi. Matar da ta shekara ashirin tana share mini ɗakin duhu, ta fi shi sanin kilishe. Da take ba ni labari ba ta yi murmushi ba. Ta tambaye ni ko na ƙona. Na ce na gama da wannan maganar.

Ya bar saƙo in je gobe. Wani ya gaya musu akwai hoto a gilashina kwana uku. Ba sai na yi duba ba, na san teburin da ke kallon gilashina.

Lahadi, da azahar

Na je. An bar ni a benci har inuwa ta gudu ta bar ni. Ajidan ɗin siriri ne, mai tsabta, Hausarsa tana tuntuɓe, inda ta faɗi sai ya tallafe ta da Faransanci. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji ni ne babban mai hoton garin, ya ji kuma na ɗauki mawaƙin da kyau har na yi talla da shi. Na ce hoton ya lalace, ya yi rawa, ba fuska, shi ya sa na cire. Ya ce ba komai, shi ma yana son hoton da ya yi rawa. Na ce kilishen ruwan rijiya ya cinye shi, bana ruwan duk kanwa ne, sai dai ko ƙaramin bugu guda ya rage a shago. Ban san me ya sa na faɗi wannan ba. Ya daɗe yana kallona, ina tsammanin bakina ne ya gaji da shiru.

Ya ce in kawo ran Talata. Ya ce in ban same shi ba, su za su zo su taya ni nema, kuma yaransa ba su iya neman abu a hankali ba.

Na dawo ta bayan babban masallaci don kar in bi ta gaban shagon wancan.

Litinin, da hantsi

Ban ci komai ba. In na ce babu, za su zo su birkice shago, su sami kwalin. In na ƙona yanzu, na riga na ce akwai bugu. In na kai yadda yake, na kai musu yaron a faranti.

Litinin, bayan azahar

Alhamdu lillahi. Allah bai ba kowa kai don ɗaukar rawani kawai ba.

Kilishe fuska biyu gare shi, mai sheƙi da marar sheƙi. Kullum mai sheƙin ke kallon sama a injin bugu. In ka kifa shi, hoton zai fito daidai, sai dai dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Almajiran hoto suna yin haka bisa kuskure a sha musu mari. Ni yau da gangan na yi. Na kifa, na buga, na sa a ruwa, ina kallo a jan haske mutum ya taso a takarda yana kaɗa gita da hannun dama kamar kowane ɗan Adam. Ba fuska, ba hagu. Baƙon Arlit sosai. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin duhu.

Ina cikin haka aka buga ƙofa. Seydou ne. Ta bayan ƙofa yake magana, wai ya ji an ba ni Talata, wai in bar shi ya ga abin da zan kai, ido biyu sun fi ɗaya. Na ce masa idonsa ya riga ya yi aikin da zai yi. Ya ce, "Doyen, don Allah, minti guda." Na ce in ya buɗe mini ƙofa haske ya shiga, sai na fasa masa ɗayan kuncin. Na ji takalminsa ya tafi. Aike ne, an turo shi ya ga ko da kilishe.

Litinin, bayan magariba

Bahago ya zo da 'yar jaka. Biba ta sayar da awarwaronta ta samar masa wuri a bayan wata babbar mota da za ta arewa gobe da sassafe, cikin buhunan albasa, direban ya san yadda ake wuce shinge. Ban san ma tana wannan shiri ba, a gidana.

Na nuna musu bugun. Biba ta gane nan take cewa kilishen yana nan, na ga ta gane. Bahago ya riƙe shi ya yi ta dariya, ya ce ashe haka zai zama da yayarsa ta yi nasara a kansa. Na ce masa wanda ya gudu gobe ya sa hannu a takardar laifinsa, za a tambayi wa ya ɓace daga gari, kuma yayarsa za a zo wa. Na ce ya zauna, ya je kasuwa, ya sha shayi inda ya saba. Na ce na gyara.

Biba ta ce ya tafi duk da haka. Ya dubi hoton, ya dube ta, ya ce shi dama ba ya son warin albasa.

Talata, da azahar

Na kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya ce lallai ba fuska. Ya ce na gode, har ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na fito na bi ta gaban shagon Seydou a hankali, na tsaya na gyara takalmina.

Motar albasa ta tafi. Awarwaron ma ya tafi, direba ba ya mayarwa.

Laraba, da la'asar

An sake kirana.

Hoton yana kan teburinsa, kusa da shi da ɗan madubin aski. Ya tambaye ni ko na yi lakwal. Na ce allo na yi, kuma ban ga abin da na rasa ba. Ya ce haka ne. Ya sa yatsa a bayan mawaƙin, kan buhunan nan da suka fito zare zare, ya ce in karanta masa abin da ke jiki. Na ce zanen Nasara ne, kowane buhu da shi. Kullum ina ganinsa, a kasuwa, a rumfa, a gadon yara, ban taɓa tambayar ta ina yake farawa ba. Ni rubutu daga dama yake tasowa.

Ya ɗauki madubin ya tsayar a gefen hoton, ya karanta mini daga cikin madubi, kalma kalma, da sunan ƙasar da ta aiko da dawar. Sannan ya ce, "Jiya na ga hoton banza, na kusa jefa shi. Sai na ce, mi ya sa tsoho zai wahala ya juya hoton da babu fuska? Mi ke canzawa in an juya?" Ya ɗaga hannunsa na dama, ya sauke, ya ɗaga na hagu. Ya ce bai ma san da maganar hannu ba sai da na nuna masa. Ya ce zan iya tafiya.

A madubin kuwa hoton ya koma daidai, yadda na ɗauke shi. Ko a nan ya yi kyau.

Na je gidan da Bahago yake kwana, ba ya nan. Na je wajen mai shayi, an ce yanzu ya tashi. Na aika a gaya masa.

Alhamis, da safe

A wajen mai shayi suka same shi, inda ya saba.

Juma'a

Ba a yi tuwo ba.

Lahadi, bayan la'asar

Biba tana dafa abinci ta kai can gidan safe da yamma. Wata rana a karɓa, wata rana a dawo da shi. Ni tana ajiye mini nawa a bakin ƙofa, a rufe, kamar na baƙo. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na san abin da zan ce, ina da amsoshi a shirye tun ran Alhamis. Wa ya ce ya yi waƙar? Wa ya rataya buhu a bayan makaɗa, a bikin 'yar Alhaji guda? Wa ya kai musu labarin gilashi? Ba ta tambaya ba, amsoshin suna nan suna tsami a bakina.

Talata, da hantsi

Mai shayi ya zaunar da ni ya ba ni labarin da ban roƙa ba. Wai ranar da aka kira Seydou da pelikil ɗinsa, a gaban Ajidan ya buɗe bayan aparai kamar zai ciro, ya zare shi duka a hasken rana, ya ce hannunsa ne ya kuɓuce. Duk fuskokin bikin suka ƙone. Shi ne kuncin, shi ne aparan da aka riƙe. Labarin gilashina kuwa, in ji shi, ba a buƙaci mai kai shi ba, masu kaki biyu sun sha shayi a gabansa ran Talatar nan suna kallo.

Na ce masa shayinsa ya yi ruwa.

To ko da gaske ne, sai me? Pelikil ɗin Seydou na ƙonawa ne dama, ba a yi asarar komai ba. Abu ne mai sauƙi ka ƙona abin da za ka iya sake ɗauka gobe.

Laraba, da azahar

Ya tsallako titi ya tsaya a ƙofata. Ban ce ya shigo ba. Bugun gwajin da na yi ran Litinin ɗin nan yana kan tebur, ban san me ya sa ban jefar ba. Daga bakin ƙofa, ko matsowa bai yi ba, ya ce, "Rubutun a juye yake." Kallo guda. Sannan ya gane abin da ya faɗa.

Na jira ya ce da na buɗe masa. Na shirya masa. Bai ce ba, ya tambaya ko akwai labarin Alhassan, ya koma shagonsa da ba komai a ciki sai kujera da labule mai zanen jirgin sama. Na fi tsanarsa yau fiye da kullum.

Asabar

An dawo da abincin.

Litinin, bayan magariba

An karɓa yau. An ba ta rigarsa ta wanke. A bayan ɗaki ta wanke ta, ba a tsakar gida ba, ta zubar da ruwan da kanta.

Na ƙona kilishen. Ba wanda ya gani, ba wanda ya tambaya. Hayaƙin ya yi wari kamar yadda na ce.

Alhamis, da la'asar

Alhaji Ousmane da limamin unguwa sun je sun yi magana. An ce a jira. Sanyi ya fara sauka, na ba Biba bargona ta kai. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Na ji ta a zaure tana gaya wa maƙwabciya cewa bargon nata ne.

Ban damu ba.

Laraba, da hantsi

Sun sake shi jiya. Yana ɗakin Biba. Na ji muryarsa, ta yi ƙasa, amma tasa ce. Ban shiga ba, ɗakin mata ne.

Asabar, bayan la'asar

Sun riƙe takardunsa, sun ce ya yi sababbi, ya riƙa kai kansa duk Litinin. Sabuwar takarda sai da hoto, kuma mai aparai guda ne ya rage a titin nan. Da azahar ya shigo shago, Biba a bayansa ɗauke da gitar a cikin zane. Ya rame, an aske masa kai. Hannun hagun yana cikin aljihun riga. Ya gaishe ni da Yaya Illo kamar jiya muka rabu, ya zauna gaban farin labule, na ɗauki na takarda. Ban ce ya gyara zama ba, dama a gyare yake, ya koyi zama.

Na fara naɗe kaya sai ya ce saura guda. Biba ta kwance gitar ta ɗora masa a cinya, wuyanta wajen da na kowa ba ya nufa. Ya ciro hannun da ɗayan hannun, ya ɗora shi kan tsirkiya. Yatsun sun haɗe a karkace, biyu ba farce. Ya ce, "Ɗauke ni yadda ka saba, Yaya. Da turminka. Ban samu na ga wancan da kyau ba, wanda bai juye ba."

Na ce haske bai isa ba. Ya ce ai ni ba na bukatar haske da yawa, kowa ya sani. Na duba fuskarsa ko zagi ne, da zagi ne da na ji sauƙi. Biba ta fita da kanta ta mirgino turmin mai shayi ta kifa a gabana. Seydou yana tsaye a ƙofar shagonsa, da ya ga abin da ake yi ya shige ciki.

Na ɗora aparai. Na ce ya kaɗa. Na ga kafaɗarsa ta motsa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na buɗe idon aparai gwargwadon numfashi guda, na ƙara wani numfashin, na ƙara wani, abin da ban taɓa yi ba, sannan na rufe.

Ba a ɗauke wuta ba, na wanke shi ɗazu. Ya fito tsaf. Ana ganin tsirkiya shida, ana ganin kowane yatsa da inda ya karye. Babu inda ya yi rawa.